Wasan tabarau don farfaɗo da hannu bayan shanyewar ɓarin jiki: littafin aikinmu a Aboabo, Kumasi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ɗakin atisaye ya kammala. Faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 4, da kujerar katako mai majingina marar hannuwa, da tebur, da fanka, da na'urar awon jini. Mu uku ne a kan aikin: likitan fisiyo (mai gyaran gaɓoɓi da atisaye), ma'aikaciyar jinya, da mai rubuta manhaja. Muna da tabarau biyu, irin waɗanda ake ɗaurawa a fuska su rufe ido, mutum ya tsinci kansa cikin wurin da kwamfuta ta zana, in ya miƙa hannu ya ga hannun cikin hoton ya miƙe. Ba sa buƙatar igiya ko wata kwamfuta a gefe. Nauyin irinsu ya ɗan haura rabin kilo (Meta Quest 2, alal misali, giram 503 ne), batir kuma yakan kai kamar awa biyu.

A san abin da muke nema tun yanzu, domin iyalan marasa lafiya sun fara tambaya ko wannan ne sabon maganin. Tabarau ba ya warkar da kowa. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 72 da suka ƙunshi mutum 2,470, yawancinsu wasannin allo ne. Inda aka ba rukuni biyu lokaci daidai, ɗaya na wasan kwamfuta, ɗaya na atisayen da aka saba, hannun 'yan wasa bai fi samun sauƙi ba. Inda wasan ya zo ƙari a kan atisayen, an ga amfani. Gwajin EVREST na 2016, mai mutum 141, ya kwatanta na'urar wasan allo ta Nintendo Wii da wasannin tebur irin su karta, sakamakon ya fito kusan ɗaya.

To me ya kawo mu? Ƙirga. Wani bincike a cibiyoyin Amurka da Kanada a 2009 ya ƙidaya sau nawa mai shanyewar jiki ke maimaita motsin aiki da hannunsa a zaman fisiyo guda, aka samu matsakaici sau 32. Dabbobin da ake gwaji da su a ga ƙwaƙwalwa ta sake tsara kanta, sau 400 zuwa 600 suke maimaitawa. Wannan giɓin muke so mu rage. Burinmu motsi 300 a kowane zama: zango uku na minti 10, kowane zango motsi 100, wato ɗaya a duk daƙiƙa 6, da hutun minti 3 a tsakani.

Laraba, 22 ga Janairu

An tantance rukunin farko, mutum shida daga unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba. Kowa ya zo da takardar likitan da ke duba shi, kuma an gaya wa kowa kada ya bar zuwa fisiyo na asibiti. Namu ƙari ne.

Sharuɗɗan: ya iya zama a kujera ba a riƙe shi ba, ya fahimci umarni mai gaɓa biyu kamar "ɗauki wannan, sa a can", ya iya ɗaga hannun daga cinya ko kaɗan. Mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa jijjiga bayan cutar, ba ya shiga, domin walƙiyar hoto na iya tayar da ita. Mai matsanancin ciwon kafaɗa sai an fara magance ciwon.

Awon jini kafin kowane zama wajibi ne. In ya kai 180 a kan 110, babu wasa ranar, sai a tura shi ga likitansa. Binciken SIREN da aka yi a Ghana da Najeriya, wanda Kumasi na cikin cibiyoyinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo cutar a nan, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ita jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba. Mutanen da ke zama a kujerarmu ke nan.

Ma'auni biyu muka ɗauka. Na farko Fugl-Meyer na hannu, gwajin da ke auna yadda hannu ke motsi: abubuwa 33, kowanne maki 0, 1 ko 2, jimla 66. Na biyu gwajin akwati: akwati mai shamaki a tsakiya da 'yan katako 150 masu kusurwa huɗu, kowanne santimita 2.5, a ƙirga nawa mutum zai tsallakar ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙa 60. Kafinta ya yanka mana su, aka goge gefuna da sanfefa. Lafiyayyen babba yakan wuce 60. Makin cikin wasa ba ma'auni ba ne, kuma ba za mu taɓa kawo shi a matsayin shaidar sauƙi ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Hannun cikin hoto yana ɓacewa ko yana rawa. Dalilai huɗu ne, kuma uku daga ɗakin suke.

Tabarau yana gane inda yake ne da ƙananan kyamarori da ke kallon ɗaki. Bango fari fat ba ya ba su abin kamawa, sai muka rataya atamfa mai zane a bango biyu. Hasken taga da ke dukan kyamara kai tsaye yana makantar da ita, sai aka sa labule aka kunna ƙwan lantarki biyu daga sama, aka kuma saita na'urar a kan 50, domin wutar Ghana mai bugu 50 ce a daƙiƙa. Ƙurar hunturu kuwa tana kwanciya a kan kyamarorin cikin yini guda, don haka ana goge su da busasshen ƙyalle mai laushi kafin kowane zama. Wani gargaɗi ga duk mai irin wannan kaya: kada rana ta taɓa gilasan ciki. Suna tattara haske su ƙone allon, tabon kuma ba ya fita.

Na huɗun shi ne mai wuya. Kyamara tana gane hannu ne da siffar yatsu. Hannun da ya ƙage, yatsu a dunƙule, babban yatsa a cusa cikin tafi, wuyan hannu a lanƙwashe, sau da yawa ba ta ganinsa a matsayin hannu. Ga irin waɗannan mun koma amfani da rimot, ana ɗaure shi a bayan hannu da maɗauri mai mannewa, da soso siriri a ƙarƙashi don kada ya ci fata. Ba a sa musu shi cikin tafi, domin matse abu yana ƙara wa yatsun ƙagewa. An cire danna maɓalli daga wasan gaba ɗaya: in hannu ya tsaya a kan abu na daƙiƙa ɗaya, ya ɗauka ke nan. Ana duba fatar wurin maɗauri bayan kowane zango, tunda wasu ba sa jin zafi a ɓarin da ya shanye.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Wasan farko na tumatir ne: teburin mai sayarwa irin na kasuwar Kejetia, a ɗauki tumatir a sa a kwando. Umarnin murya da Hausa da Twi, harshen Ashanti, aka ɗauka. Ƙirga ta hau da sauri, wasu har sun wuce 300, amma da aka tsaya a gefe ana kallon jikinsu sai aka ga ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, yana kai wa kowane tumatir ba tare da gwiwar hannunsa ta buɗe ba. Bayansa yake ɗagawa daga majingina, ya sunkuyo da ƙirji, kafaɗa ta haye kusa da kunne, gwiwar hannu ta fita gefe. Hannun yana isa, amma gangar jiki ce ta kai shi. Shi kuma ba ya ganin jikinsa, tumatir kawai yake gani, kuma wasan yana yaba masa. Motsi 300 irin wannan koya wa ƙwaƙwalwa hanyar kauce wa aikin ne. Lafiyayye ba ya sunkuyowa sai abu ya wuce kusan kashi 90 cikin 100 na tsawon hannunsa. Wanda ya shanye yakan fara tun abu yana kusa, domin tsokokin da ke ɗaga kafaɗa da masu lanƙwasa gwiwar hannu sun koma aiki tare, ɗaya ba ya tashi sai da ɗayan.

Gyara uku aka yi. Kafin wasa, mutum yana jingine, zai miƙa hannu iyakar ƙarfinsa gaba, dama da hagu, manhaja ta riƙe waɗannan iyakoki, tumatir kuma ba ya fitowa sai cikin kashi 90 na abin da ya iya kaiwa. Na biyu, tunda tabarau ya san inda kai yake, mun sa shi gadi: in kai ya matso gaba fiye da santimita 6, tumatir ya dusashe, ƙirga ba ta hawa. Na uku, ga wanda abin ya zame wa jiki, ana zagaya zane mai faɗi daga kafaɗa zuwa ƙugu a ɗaure a bayan kujera, sako-sako yadda tafin hannu zai shiga. Tunatarwa ne, ba ɗauri ba. Likitan fisiyo na zaune a ɓarin da ya shanye, yana kallon abin da mutum ke gani a allon waya, hannunsa ɗaya a kan kafaɗar. "Baba, bar bayanka a jingine, hannun ne zai je." Jimlar da aka fi faɗa a ɗakin nan ke nan.

Ƙirga ta faɗi ƙasa sosai bayan gyaran, wasu ransu bai so ba. Dokar wahala yanzu ita ce: in mutum yana cin 7 zuwa 8 cikin 10, a bar shi a nan. In ya haura, a ƙara nisa da santimita 2 ko a rage girman kwando, ɗaya a lokaci guda. In ya gaza 6, a sauko. Wanda ke faɗuwa kullum zai daina zuwa, wanda ke ci kullum ba ya koyon komai.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama. An mayar da zaman masu azumi tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, zango biyu maimakon uku. Masu shan maganin hawan jini ko na suga an roƙe su kada su sauya lokacin magani da kansu, su koma ga likitansu ya tsara musu na sahur da buɗa-baki. Mai suga da ya ji rawar jiki ko gumi mai sanyi, zama ya ƙare nan take, a auna shi.

Laraba, 19 ga Maris

Zafi ya yi yawa, kuma an samu masu jiri da tashin zuciya. Asalin wannan saɓani ne tsakanin ido da kunnen ciki: ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ana zaune. A wasanmu akwai wurin da hoto ke zamewa daga wannan tebur zuwa wancan. An cire shi, yanzu allo yana duhu na ɗan lokaci sai sabon tebur ya bayyana. Hoto kuma kada ya gaza sauyi 72 a daƙiƙa. Taron jama'ar kasuwa da aka zana a baya yana nauyaya wa na'urar har hoto ya riƙa tsalle, sai aka share su. Tazarar gilasan ma sai an daidaita ta da idon kowa, in ba haka ba ciwon kai ya biyo. Sabon shiga minti 5 yake yi a ranar farko. Bayan an cire tabarau, mutum ya zauna minti 5 kafin ya miƙe, da mai riƙe shi.

Gumi yana jiƙa soson fuska yana kuma turara gilashi. An sa murfin roba a kan soson, ana goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mutum da mutum. Gilasan cikin tabarau ba a sa musu sifirit, yana lalata su. Fanka na bugowa daga gaba.

Wata baiwar Allah tana barin duk tumatirin hagu. Ba gajiya ba ce. Cutar da ta taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa takan sa mutum ya manta da duk abin da ke hagunsa, har abincin da ke hagun kwano. An fara mata da abubuwa a tsakiya, ana matsar da su hagu kaɗan-kaɗan, da ƙararrawa a kunnen hagu kafin kowanne ya fito. An rubuta wa likitanta.

A bango an liƙa alamun da ke tsayar da komai: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya sake yin nauyi, magana ta harɗe, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya. A kira 112, lambar agajin gaggawa, a rubuta lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyakar awa huɗu da rabi.

Talata, 8 ga Afrilu

Wasan shanya, inda ake ɗaga hannu a rataya kaya a igiya, ya tayar wa mutum biyu da ciwon kafaɗa, an dakatar da shi. Kafaɗar da tsokokinta suka raunana ba ta da mai riƙe ta, nauyin hannu yana jan ƙashin dantse ƙasa har a ji gurbi a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, yatsa ya shiga. In aka ɗaga irin wannan hannu sama da daidai kafaɗa alhali allon kafaɗa bai juya ba, jijiyoyi ne ke matsewa. Yanzu manhaja ba ta fito da komai sama da tsayin kafaɗa sai likitan fisiyo ya buɗe wa mutum. Masu rauni sosai suna wasa ne hannu a kan tebur, da tawul a ƙarƙashi yana zamewa a kan fomika, ko faifan katako mai ƙananan tayoyi huɗu.

Wani ɓangaren ciwon daga hanya yake zuwa. Ana jan su ta hannun da ya shanye, ko ta hammata, wajen shiga pragya (keke mai ƙafa uku) da fita. An nuna wa masu rakiya su riƙe ƙugu, hannun kuma a ɗora shi a kan matashi a cinya. Igiyar kura da ake ratayawa a ƙofa ana jan hannu sama da ita, mun hana.

Litinin, 28 ga Afrilu

An sake awo. Makin wasa ya hau wa kowa, gwajin akwati kuwa bai bi shi ba. Wasu sun ƙaru, wasu suna inda suke. Bambancin da bai kai katako 5 ko 6 ba yana iya zama na gajiya ko na sa'ar ranar, haka maki ƙasa da 5 a Fugl-Meyer. Waɗanda suka fi ci gaba kuma su ne waɗanda cutar ba ta daɗe da kama su ba, alhali a wata uku na farko jiki yana farfaɗowa da kansa ko babu tabarau. Ba mu da hujjar jingina wannan ga wasa.

Dalilin giɓin a fili yake. Tumatirin hoto ba shi da nauyi, ba ya zamewa, ba ya fashewa in an matse shi. Yatsu ba sa koyon yawan ƙarfin da za su sa. Ga kuma abin da masanin ƙwaƙwalwa Edward Taub ya bayyana tuntuni: hannun da ya gaza a makonnin farko, mutum yakan saba da barinsa, ko ya samu ƙarfi daga baya ba ya tuna shi. Wata hajiya mai sayar da koko tana yin motsi ɗaruruwa a tabarau, ana cire mata shi ta ɗauki jakarta da lafiyayyen hannu, ɗayan yana rataye.

An sauya tsarin zama: zango biyu a tabarau, sai minti 20 da kayan gaske a kan teburin nan, motsin kuma iri ɗaya da na wasan. Wanda ya yi wasan zuba wake a olonka (gwangwanin awo) zai ɗauki ludayi ya juya wuyan hannu ya zuba wake na gaske. Akwai buta, ana farawa da ita babu ruwa, sai rubu'i, sai rabi. Akwai kofin roba, kwado da mabuɗi, tasbaha mai manyan 'ya'ya, ƙwandalolin sidi, kuɗin Ghana, a tsinta daga tebur. Waɗannan ma ƙirga su ake yi.

Kowa ya zaɓi aiki ɗaya da zai yi a gida da hannun kullum, mai kula da shi yana sa alama a takarda. Waɗanda damansu ya shanye kusan bakinsu ɗaya: cin abinci da gaisawa. A garin nan miƙa abu da hagu sai da ban haƙuri, ga Bahaushe da Ba'ashante duka, kuma dattijon da ke cin tuwo da hagu a gaban jikokinsa yana jin abin a ransa fiye da yadda yake faɗa. Su ne kuma sau da yawa maganarsu ta taɓu, tunda cibiyar magana galibi a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa take, don haka da nuni ake yi musu bayani, ba da dogon zance ba. "Mma, loma uku ta farko da dama, sauran yadda ya sauwaƙa." Da haka ake farawa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Damina ta rage zuwan marasa lafiya, ga kuɗin mota na mutum biyu kowane zuwa. An fara ba da aron tabarau ɗaya zuwa gida, mako-mako, ga wanda ya daina sunkuyowa kuma yake da mai kula da aka koya wa aikin. Wasan yana tafiya ba intanet, yana ajiye lokaci, ƙirga da matsawar kai a cikin na'urar. Ana haɗawa da batirin ajiya saboda dumsor, wato ɗaukewar wuta, da roba mai murfi da jakar shan laima a ciki.

Bayanan makon farko sun nuna wani zama mai sauri irin wanda hannun mai shi ba zai iya ba. Jikoki ne. An sa lambar sirri, manhaja kuma tana ware duk zaman da saurinsa ya ninka na mai shi. Doka a gida: a zaune kawai, mai kula yana ɗakin, ba a wuce minti 10 a jere, ba a wasa yayin da ake cajin na'urar a bango.

Litinin, 2 ga Yuni

An kawo mana mutum biyu da yatsunsu ba sa motsi ko kaɗan. Wasannin da muke da su ba nasu ba ne. An fara musu da madubi mai santimita 30 da 40, a tsaye a tsakiyar tebur, hannun da ya shanye a ɓoye a bayansa, suna kallon hoton lafiyayyen yana buɗewa yana rufewa, minti 15 sau biyu a yini. Mai manhaja yana gina irinsa a tabarau, da wani da ke ninka ɗan motsi, santimita 2 na gaske ya fito 6 a hoto, sannan a riƙa rage ninkin yayin da hannun ke ƙaruwa. Ba za a sa wa kowa ba sai an gwada jiri a kan lafiyayyu.

Awo na gaba wata likitar fisiyo daga waje za ta yi, wadda ba ta san wanda ya fi yawan zama ba, domin mai koyarwa yakan ga sauƙi a ɗalibinsa ko babu. Za a ƙara tambayar da ta fi kusa da rayuwa: cikin ayyukan gida, wanne aka yi da hannun a makon nan, kuma sau nawa. Ɗakin zai rufe don Babbar Sallah daga Alhamis, awo ranar Litinin 16 ga wata. Kafin nan ana buƙatar ƙarin murfin fuska huɗu, da sabon maɗauri, domin na yanzu ya daina kamawa a kan siririn hannu.